Murɗaɗɗen Haske da Ruwan Kiristal: Ina Aka Kwana?

Wayar hannu mai fuskar OLED, idan an ƙera ta bisa tsarin da aka saba, tana zubar da kusan rabin hasken da take samarwa tun bai kai ga idon mai ita ba. Dalilin kuwa shi ne, a bayan ƙwayoyin da ke fitar da hasken akwai shimfiɗar ƙarfe mai ƙyalli da ke kai musu lantarki. Da za a bar ta a buɗe, duk wanda ya fita da waya cikin rana inuwar fuskarsa zai riƙa gani maimakon rubutu. Saboda haka ake manna wani siririn matacin haske a saman allon. Matacin yana hana hasken waje da ya shiga komowa, amma kuma yana shanye rabin hasken da wayar ta samar da kanta, batir kuma shi ke biyan kuɗin wannan asara.

Akwai hanyar kauce wa asarar. Matacin yana barin haske iri ɗaya ya wuce salin alin, wato hasken da ke murɗawa zuwa gefen da ya dace da shi. Da wayar za ta fitar da irin wannan haske tun daga tushe, da babu abin da zai salwanta. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa masana kimiyyar haske da na sinadarai suka shafe shekaru suna neman abin da zai fitar da murɗaɗɗen haske kai tsaye. Hanyar da ta fi ba da sakamako zuwa yanzu ita ce a raba aikin gida biyu: a samo abin da ya iya haskawa, sannan a zuba shi cikin wani mazubi da ya iya murɗawa. Mafi ingancin mazubin da aka samu kuwa shi ne ruwan kiristal mai murɗaɗɗen tsari.

Mene ne murɗaɗɗen haske?

Haske kaɗawa ce ta ƙarfin lantarki da na maganaɗisu, tana tafiya gaba tana kaɗawa ta gefe. A hasken rana ko na ƙwan lantarki, kaɗawar ba ta da alƙibla ɗaya: wata sama da ƙasa, wata dama da hagu, wata a karkace, duk a cakuɗe. Idan aka tace shi, za a iya samun wanda ke kaɗawa a kan layi ɗaya tak. Akwai kuma nau'i na uku, wanda Bafaranshen nan Augustin Fresnel ya yi bayaninsa a farkon shekarun 1820. A wannan nau'in alƙiblar kaɗawar tana juyawa yayin da hasken ke tafiya, tana cika zagaye guda a kowane tsawon zango. Juyawar tana iya zama ta dama ko ta hagu, kamar igiyar da aka tufka: ko ka juya ta kai ya koma gindi, tufkar dama tana nan a ta dama, sai a madubi kaɗai za ka gan ta ta koma ta hagu.

Wannan batu na madubi shi ne sirrin matacin waya. Idan murɗaɗɗen haske ya bugi madubin ƙarfe ya dawo, hannunsa yana sauyawa, na dama ya koma na hagu. Hasken rana yana ratsa matacin ya zama na dama, ya bugi ƙarfen da ke ciki ya dawo a na hagu, sai matacin ya shanye shi. Idon ɗan Adam bai iya bambance hannun biyu, amma tabaran da ake rabawa a yawancin gidajen sinima masu nuna fim mai zurfi uku suna yi: ido ɗaya yana karɓar hoton da aka haska da na dama, ɗayan kuma da na hagu. A 2008 masu bincike a Ostareliya da abokan aikinsu suka nuna cewa wani nau'in jatan lande na teku yana bambance su da idonsa.

Abin da ya gagari ƙwayar sinadari

Tun 1848, lokacin da Louis Pasteur ya ware lu'ulu'un gishirin tartarik zuwa na dama da na hagu da ɗan hantsaki, aka san cewa ƙwayoyin sinadarai da yawa suna da hannu. Don haka tunanin farko shi ne a haɗa rini mai fitar da haske wanda ƙwayarsa ke da hannu ɗaya, a sa ran haskensa zai gaji hannun. Yana gada, amma kaɗan ƙwarai.

Masana suna auna wannan da wani adadi da suke kira g. Ana ɗebe ƙarfin hasken dama daga na hagu, a raba da jimillarsu, a ninka sau biyu. Idan hasken duka na hagu ne, g zai zama 2. Idan duka na dama ne, ya zama 2 a ƙasan sifili. Idan sun zo daidai, sifili ke nan. Yawancin ƙananan ƙwayoyin rini suna ba da abin da bai wuce 0.001 ba, ko 0.01 idan an yi sa'a. Ma'anar 0.001 ita ce, a cikin kaso 4,000 na haske, 2,001 na hagu ne, 1,999 na dama. A 1997 ƙungiyar Bert Meijer a Eindhoven ta ƙasar Holan ta ƙera fitilar folima ta farko mai fitar da murɗaɗɗen haske da lantarki, kuma adadinta bai fita daga wannan sahu ba.

Matsalar ta girma ce. Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ƙwayar rini ba ta wuce nanomita ɗaya ko biyu ba. Kafin haske ya cika zagaye guda ya wuce tsawon ƙwayar sau ɗaruruwa, saboda haka murɗar da ke jikinta ba ta da wani tasiri a kansa. An samu wasu haɗe-haɗen ƙarfen yurofiyam da suka tsallake wannan shinge, har wani da aka ba da rahotonsa a 2008 ya kai 1.38. Sai dai irin fitar hasken da ke ba da wannan babban adadi a ɗabi'arsa mai rauni ne. A matakin ƙwaya guda, tsabtar murɗa da ƙarfin haske ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Maganin da ya rage shi ne a gina murɗar da girmanta ya kai na hasken kansa.

Ruwan da ke jera kansa

A 1888 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, yana aiki a birnin Prague kan wani sinadari da aka samo daga kolastarol, sai ya ga yana narkewa sau biyu. A digiri 145.5 na ma'aunin Salshiyas ya zama ruwa mai gurɓi, a digiri 178.5 kuma ya washe tas, yana ta nuna launuka a tsakani. Ya aika wa Otto Lehmann a Jamus samfurin, shi kuma ya gane cewa wani hali ne na daban tsakanin ruwa da daskararren abu, wato ruwan kiristal. A 1922 Georges Friedel na Faransa ya rarraba nau'o'insa.

Ƙwayoyin ruwan kiristal dogaye ne sirara. Suna gudana kamar kowane ruwa, amma suna son fuskantar alƙibla ɗaya. Idan ƙwayoyin suna da hannu, ko aka zuba musu ɗan sinadari mai hannu, sai kowane jeri ya ɗan karkace daga na ƙasansa, karkatar ta yi ta taruwa har ta cika zagaye. Nisan da ake ci kafin zagayen ya cika shi ne tazarar murɗa. Mai haɗawa shi ke da iko a kanta: ƙara yawan sinadari mai hannu yana rage tazarar, sauya shi da ɗan'uwansa na ɗaya hannun kuma yana juya murɗar baki ɗaya.

A 1951 Hessel de Vries ɗan ƙasar Holan ya fitar da lissafin abin da irin wannan tsari ke yi wa haske. Idan aka ninka tazarar murɗa da adadin da ke nuna yadda abin ke rage saurin haske, za a samu tsawon zangon da tsarin zai mayar baya. Ruwan da adadinsa ya kai 1.6, tazararsa kuma nanomita 330, zai mayar da koren haske mai zango kusan 530. Amma hannu ɗaya kawai yake mayarwa, wanda ya yi daidai da nasa, ɗayan kuma ya ratsa kamar babu komai. Kuma saɓanin madubin ƙarfe, hasken da ya dawo yana riƙe da hannunsa. Wannan ɗabi'a ce ke sa siririn ma'aunin zafi da ake manna wa yara a goshi yana sauya launi, domin zafi yana sauya tazarar.

Halittu sun riga mu sanin wannan gini. A 1911 Albert Michelson ya lura cewa ƙyallin wasu ƙwari 'yan dangin buzuzu murɗaɗɗen haske ne, daga baya Yves Bouligand ya nuna cewa ɓawonsu jeri-jeri ne na zaruruwa masu karkata. A 2012 Silvia Vignolini da abokan aikinta a Cambridge suka gano haka a 'ya'yan wani tsiro na dazuzzukan Afirka mai suna Pollia condensata. Shuɗin 'ya'yan ba na rini ba ne, daga murɗaɗɗen selulos na bangon ƙwayoyinsu yake fitowa, shi ya sa samfurin da aka tsinko a Ghana a 1974 aka ajiye a lambun Kew bai koɗe ba.

Ire-iren mazubi

Hanya mafi sauƙi ita ce a narka rini maras hannu cikin murɗaɗɗen ruwan, a daidaita tazarar da launin da rinin ke fitarwa. An fara ganin tasirin haka a Jamus tun shekarun 1970. Abin da ke faruwa ya wuce tacewa kawai. Tun da rinin a cikin tsarin yake zaune, tsarin yana danne fitar hasken da ke da hannu irin nasa, ya buɗe wa ɗaya hannun hanya. A 1999 ƙungiyar Shaw Chen a Jami'ar Rochester ta Amurka ta daskarar da irin wannan ruwa ya zama gilashi ba tare da murɗar ta warware ba, ta samu haske kusan tsantsa mai hannu ɗaya. Daga 0.001 an yi tsalle zuwa dab da iyaka, ba tare da an taɓa ƙwayar rinin ba. A gefunan zangon da ake mayarwa kuma akasin dannewa ake samu, fitar hasken tana ƙaruwa, abin da ya ba da damar yin lesa maras madubi da ɗan siririn ruwan kiristal mai rini.

Mazubi na biyu daga itace da auduga yake fitowa. Idan aka jiƙa selulos cikin asid na sulfur mai ƙarfin kusan kashi 64 cikin 100, sassan da ba su da tsari suna narkewa, a bar ƙananan sanduna masu tsawon nanomita 100 zuwa 300. A 1992 Jean-François Revol da Derek Gray da abokan aikinsu a Montreal ta Kanada suka nuna cewa sandunan nan suna jera kansu a murɗe cikin ruwa, kuma murɗar tana tsira bayan ruwan ya bushe. Kullum ta hagu ce. Saboda haka idan aka gauraya su da ɗigon kabon masu haske ko ƙananan lu'ulu'u masu haske, abin da ke fitowa na dama ne. A 2010 ƙungiyar Mark MacLachlan a Jami'ar British Columbia ta ƙara taku: ta cika tsakanin sandunan da silika, ta ƙone selulos ɗin, aka bar gilashi mai ƙananan ramuka a jere a murɗe. Gilashin yana jure zafin da ruwan kiristal ba zai jure ba, ana kuma iya cika ramukansa da duk abin da ake so ya haska.

Na uku shi ne a yi amfani da ruwan a matsayin wurin haɗa sinadari. A 1998 Kazuo Akagi da Hideki Shirakawa a Tsukuba ta Japan suka haɗa folima mai ɗaukar lantarki a cikin murɗaɗɗen ruwan kiristal, zaruruwanta suka fito a murɗe duk da cewa tubalin da aka gina ta da shi ba shi da hannu. A nan mazubin ya bar tambarinsa a jikin abin da aka zuba.

Na huɗu shi ne abin da ake kira shuɗin hali, inda murɗar ke tafiya ta fuskoki da yawa a lokaci guda, ta gina tsari mai kusurwa huɗu ta kowane gefe. A da wannan hali bai wuce faɗin digiri ɗaya ko biyu na zafi yake ɓacewa. A 2002 Hirotsugu Kikuchi a Jami'ar Kyushu ya ɗaure shi da ragar folima, ya faɗaɗa shi zuwa fiye da digiri 60. A 2012 masu bincike a Cambridge suka wanke ruwan daga cikin ragar, suka sake cika ta da wani ruwan maras hannu, sabon ruwan kuma ya bi tsarin da ya tarar.

Na biyar ya fi ban mamaki. Wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a tsakiya, waɗanda ba su da hannu ko kaɗan, suna haɗuwa su gina murɗaɗɗun zaruruwa masu faɗin 'yan gomomin nanomita. Ƙungiyar Noel Clark a Colorado ta bayyana tsarinsu a 2009. Tsakanin zaruruwan akwai ƙananan gurabe, kuma masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna cewa idan aka cika su da ruwan kiristal mai rini, hasken yana fitowa a murɗe. Cikas ɗin shi ne, tun da ƙwayoyin ba su da zaɓi, rabin yankunan na dama ne rabi na hagu, sai an tilasta musu bin hannu ɗaya kafin a amfana.

Wata fa'ida da mazubi mai ruwa ke da ita a kan daskararre ita ce ana iya sarrafa shi yana cikin aiki. Zafi, lantarki da haske duk suna sauya tazarar. A 2006 ƙungiyar Ben Feringa a Groningen, wanda ya samu kyautar Nobel a 2016, ta zuba ƙwayoyi masu juyawa idan an haska su cikin irin wannan ruwa, suka sauya murɗar har ɗan sandan gilashi da ke samansa ya riƙa juyawa. Da irin waɗannan ƙwayoyi ana iya sauya launin haske ko a juya hannunsa. Wannan ne ya sa ake hangen amfaninsa wajen hatimin hana jabu, wanda ido zai ga abu ɗaya, mataci na dama ya nuna wani, na hagu kuma wani daban.

Inda gizo ke saƙar

Duk da wannan ci gaba, wannan dabara ba ta zama ruwan dare a wayoyin da ke kasuwa ba, kuma dalilan na gaske ne.

Na farko kauri. Kafin tsarin ya yi aikinsa sosai ana bukatar murɗa kusan goma a jere, wato nanomita dubu uku ko fiye. Shimfiɗar da ke fitar da haske a OLED kuwa ba ta cika wuce nanomita 100 ba, domin lantarki bai iya ratsa mai kauri cikin sauƙi. Yawancin manyan adadin da ake bugawa an same su ne ta hanyar haska samfurin da wata fitila daga waje. Inda aka yi da lantarki adadin yana sauka. A 2013 Matthew Fuchter da Alasdair Campbell a Landan suka zuba ɗan sinadari mai murɗa cikin folima mai haske, suka samu kusan 0.2, kuma a lokacin babban mataki ne.

Na biyu ƙarfen baya. Rabin hasken da aka samar baya yake nufa, ya bugi ƙarfen, ya dawo da hannunsa a juye, ya rage tsabtar wanda ya fito ta gaba. Abin farin ciki, za a iya mayar da wannan cikas riba. Idan aka sa murɗaɗɗiyar shimfiɗa a gaba, tana mayar da hannun da ba a so, ƙarfen ya juya shi, ya dawo ya wuce. Dirk Broer da abokan aikinsa a kamfanin Philips sun nuna a 1995 yadda za a yi shimfiɗa mai tazara daban-daban daga sama zuwa ƙasa, domin ta yi aiki a kan dukkan launuka.

Na uku kusurwar kallo. Zangon da tsarin ke mayarwa yana gajarta idan aka dube shi a karkace, launi ya karkata zuwa shuɗi, tsabtar murɗar ta ragu. Mai waya kuwa ta kowane gefe yake duban allonsa.

Na huɗu awo. Shimfiɗar da ƙwayoyinta ke a jere tana iya yaudarar na'ura, ta nuna murɗar da babu ita. Mai bincike na gari yana juya samfurin, ya kifa shi, ya yi na dama da na hagu ya tabbatar sakamakonsu kishiyar juna ne. Sannan adadin g shi kaɗai bai faɗin ko abin yana da haske. Za a iya samun 1.9 ta hanyar zubar da rabin hasken, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Saboda haka a 2021 Lorenzo Di Bari da Francesco Zinna da abokin aikinsu a Pisa ta Italiya suka kawo ma'aunin da ya haɗa g da yawan hasken da abu ke sha da wanda yake fitarwa.

Akwai kuma gasa. A 2021 Samsung ya fitar da Galaxy Z Fold3, wadda aka cire mata matacin gaba ɗaya aka maye gurbinsa da matatan launi da baƙin shinge tsakanin ƙwayoyin allo. Masana'antu ba za su zauna jiran murɗaɗɗen haske ba idan wata hanya ta biya bukata.

Hukunci

A ganina, tambayar farko ta samu amsa. Za a iya samar da haske kusan tsantsa mai hannu ɗaya daga rini na yau da kullum, kuma ruwan kiristal ne ya tabbatar da haka, domin ya gina murɗa daidai girman hasken da kansa, ba tare da injinan sassaƙa masu tsada ba. Wannan nasara ce babba, kuma a fannin hatimin hana jabu, na'urorin gano sinadarai da ƙananan lesa, inda kauri ba matsala ba ne, amfaninta ya kusa. A fannin allon waya da talabijin kuwa da sauran aiki, kuma aikin da ya rage na lantarki ne, na kauri da na juriya, ba na ƙara girman g ba.

Saboda haka duk ɗalibi ko malamin kimiyya da ya ci karo da sabon rahoto a wannan fanni, ya yi masa tambayoyi uku kafin ya yaba. Da lantarki aka kunna hasken ko da wata fitilar? Nawa ne ya fito daga cikin abin da aka samar? An kifa samfurin an sake aunawa? Ba girin-girin ba, ta yi mai. Binciken da ya amsa waɗannan uku dalla-dalla shi ne ya cancanci a gina a kansa.